Miji Biyu Ko Musayar Jiki: Yadda Fina-finan Burazil Biyu Suka Kalli Aure

Ƙanwata, na ga tambayarki tun daren jiya, na bari ne sai na sami natsuwa. Kin ce an ba ki sunan fina-finan barkwancin soyayya guda biyu na ƙasar Burazil, Dona Flor e Seus Dois Maridos da Se Eu Fosse Você, kina son ki san bambancinsu, wanne ya ɗauki aure da daraja, wanne kuma za ki iya zama ki kalla tare da maigidanki. Kin ƙara da cewa ke da fina-finan Indiya kika taso, inda ake shan wahala awa uku kafin a ɗaura aure a rufe fim, shi ya sa kike mamakin yadda za a gina labarin soyayya a kan mutanen da suka riga suka gaji da ganin juna.

Bari in fara sallamar ki a kan abin da ya fi sauƙi. Na biyun shi ne na kallo da maigida, ko da yake shi ma ba na zama da yara ba ne. Na farkon akwai tsiraici a cikinsa ƙarara, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma ba zan ɓoye miki wannan ba don kawai ina ganin ƙimar fim ɗin. Idan irin wannan ba ya shiga gidanki, labarin da zan ba ki a nan ya wadatar. Sai dai in kika tambaye ni wanne ya fi nauyi a zuciya, to na farkon ne, da nisa.

Sunan na farkon yana nufin Dona Flor da mazajenta biyu. Ya fito a 1976, Bruno Barreto ne ya ba da umarni yana saurayi ɗan shekara 21, daga littafin da Jorge Amado ya wallafa a 1966. Labarin yana faruwa ne a birnin Salvador na jihar Bahiya. A 1943, ana tsakiyar bikin kalankuwar titi da suke kira Carnaval, wani mutum mai suna Vadinho ya yanke jiki ya faɗi matacce yana cikin rawa, sanye da kayan mata irin na wasan bikin. Matarsa Flor, wadda Sônia Braga ta fito a matsayinta, malamar koyar da girki ce a cikin gidanta. Tana cikin takaba ne fim ɗin ya koma baya ya nuna mana irin mijin da ta rasa: ɗan caca, mashayi, mai bin mata, wanda ke kwashe ɗan abin da ta tara daga kuɗin ɗalibanta ya kai teburin caca, har ya kai ga ɗaga mata hannu a kan kuɗi. Amma a shimfiɗa shi ne ya san ta, shi ne ya cire mata kunya, shi ne ya sa ta san tana da jiki. Bayan ta fita takaba sai ta auri Teodoro, mai kantin magani, mutum kamili mai tsari, wanda ba ya sha, ba ya caca, ba ya taɓa kuɗinta, yana busa wani dogon abin busa mai kaurin murya a ƙungiyar makaɗa ta masu sha'awa. Komai nasa da lokacinsa, har kusantar iyali ya yanka mata ranaku, Laraba da Asabar. Flor ta sami kwanciyar hankali da mutunci a unguwa, ta rasa abin da ba ta da bakin faɗa. Ana haka sai ga fatalwar Vadinho a kan gadonta, tsirara, ba mai ganin sa sai ita.

Na biyun, ma'anar sunansa "da ni ce kai", ko "da ni ne ke", don harshen Fotugis bai bambanta ba a nan. Ya fito a 2006, shekara 30 cif bayan na farko, Daniel Filho ya ba da umarni. Cláudio mai kamfanin tallace-tallace ne a Rio de Janeiro, matarsa Helena malamar kiɗa ce mai kula da ƙungiyar waƙa ta yara 'yan makaranta, suna da 'ya budurwa. Ba duka, ba caca, ba yunwa. Abin da ke cin gidan shi ne kowa yana ganin nasa nauyin ya fi, na ɗan'uwansa kuwa hutu ne. Wata rana suka yi cacar baki, gari ya waye kowa ya tsinci kansa a jikin ɗayan. Tony Ramos da ya fito a matsayin Cláudio, namiji mai kauri da gashin ƙirji, ya koma yana tafiya da magana irin ta mace, Glória Pires da ta fito a matsayin Helena kuma ta koma zaman ƙato da buɗe ƙafa. Ita ta tafi ofis da jikinsa, shi ya tafi makaranta da jikinta.

Kin ga dai duka biyun ba su da ruwa da neman aure. Babu iyayen da suka hana, babu attajirin da ya shiga tsakani, babu gudu a tashar jirgi. Daga inda fina-finan da kika saba suke rufewa, daga nan waɗannan suke buɗewa. Kuma duka biyun sai da suka nemi taimakon abin da ba ya faruwa a duniya, ɗaya fatalwa, ɗaya musayar jiki, kafin su iya faɗin abin da ke bakinsu. Wannan ne ya fi ɗaukar hankalina, domin a ganina ciwo ɗaya suke jinya: maganar da miji da mata suka kasa yi wa juna alhali suna kwana ɗaki ɗaya.

Inda suka rabu shi ne zamanin da ya haife su, kuma sai kin san dokar auren ƙasar kafin ki gane dalilin fatalwar nan. Ranar da Dona Flor ya shiga gidajen sinima, babu saki a dokar Burazil. Ƙasa ce da cocin Katolika ke da ƙarfi ƙwarai, kuma tsarin mulkinta ya rubuta cewa aure ba ya warwaruwa. Abin da ake da shi kawai shi ne wata rabuwa da suke kira desquite: a raba gida, a raba dukiya, amma igiyar tana nan, babu wanda zai sake aure har ɗayan ya mutu. Macen da ta shiga wannan hali kuwa ta shiga bakin duniya. Sai a 1977, shekara guda bayan fitar fim ɗin, aka halatta saki, bayan Sanata Nelson Carneiro ya shafe fiye da shekara 20 yana fafutuka a majalisa, kuma ko a lokacin sau ɗaya tak aka yarda mutum ya yi a rayuwarsa, bayan shekaru na zaman rabuwa. To ki auna matan da suka cika sinima a 1976. Da yawansu suna zaune da irin Vadinho ba hanyar fita, wasu suna zaune da irin Teodoro ba bakin ƙorafi, don wa zai saurari macen da mijinta bai rage ta da ci da sha ba? A irin wannan duniya mutuwa ce kaɗai za ta raba Flor da mijin farko, kuma matacce ne kaɗai zai iya dawowa gadonta jama'a su yi dariya ba tare da sun kira abin da sunansa ba. Da Vadinho rayayye ne, da fim ɗin ya zama labarin cin amana, kuma a wancan zamani cin amanar aure laifi ne a kundin hukunta laifuka na ƙasar, ba a cire shi ba sai 2005. Mutum fiye da miliyan 10 suka sayi tikiti, kuma babu fim ɗin Burazil da ya kamo wannan adadi sai a 2010. Ban yarda cewa tsiraicin ne kaɗai ya tara su ba. Shekarun nan na mulkin soja cike suke da fina-finan barkwancin batsa masu arha da ake kira pornochanchada, ba ɗaya daga cikinsu da ya kusanci wannan kasuwa.

Cláudio da Helena kuwa a zamanin buɗaɗɗiyar ƙofa suke. Saki ya zama ruwan dare, tsarin mulkin 1988 ya amince da zaman mace da namiji na dindindin ko ba a ɗaura aure ba, a 2010 ma aka cire sharaɗin zaman rabuwa kafin saki. Kashi na biyu na fim ɗin, wanda ya fito a 2009 ya tara masu kallo fiye da miliyan 6, kusan ninkin na farko, da shirin saki ya buɗe, ga kuma 'yarsu ta zo da ciki ba aure. Saboda haka tambayar ta juye. A wurin Flor tambayar ita ce, tunda ba fita, yaya za a rayu a ciki? A wurin Helena kuwa, tunda ƙofa a buɗe take, me zai sa a zauna?

Yanzu batun sha'awa, wanda na san shi ne ainihin abin da kike tambaya ko da ba ki fito da shi fili ba. Dona Flor ya ɗauki sha'awar mace da gaske, kuma a nan ne girmansa yake. Bai mai da Flor 'yar iska ba. Mace ce mai kunya, mai zuwa coci, mai tsoron abin da maƙwabta za su ce. Da fatalwar ta bayyana ba murna ta yi ba, ƙi ta yi, ta ce ita matar aure ce. Har ta nemi taimakon masu addinin candomblé, wanda bayi 'yan Afirka ta Yamma suka kafa a Bahiya, mai kama da bori ta wasu fuskoki, don a mayar da mamacin inda ya fito. Sai da aikin ya fara ci, Vadinho ya fara dushewa, sannan ta ƙwalla kira ta dawo da shi. Wannan wurin ya taɓa ni sosai, don ban ga mace mai neman holewa ba, na ga mace da aka raba gida biyu, rabi yana son mutunci, rabi yana son a taɓa shi, kuma duniyarta ta gaya mata ba a samun su a wurin mutum ɗaya. Hatta girkinta fim ɗin ya sa shi magana: tana koyar da miyar kaguwa da manja da madarar kwakwa, abincin da marigayin ke so, tana faɗin yadda ake haɗawa, muryarta tana karyewa.

Amma a nan ne kuma nake rigima da shi, rigima ta gaske. Fim ɗin ya yafe wa Vadinho da arha. Mutumin da ya mari matarsa ya ƙwace kuɗin guminta, an wanke shi da murmushi da iya shimfiɗa, har mai kallo ya fita yana ƙaunarsa. Teodoro kuwa, wanda bai cuce ta da komai ba, shi aka mayar abin dariya, kamar kirki da sanyin jiki tagwaye ne. Na san mata da suka zauna shekaru da mai dukansu saboda irin wannan tunani, cewa zafin hannu da zafin so daga murhu ɗaya suke fitowa. Ƙarya ce, kuma ƙarya ce mai kashe mutane. A Burazil ɗin kanta an daɗe lauyoyi suna kare mazan da suka kashe matansu da hujjar wai kare mutunci ne, sai a 'yan shekarun nan kotun ƙolin ƙasar ta haramta wannan hujja. Sannan akwai tambayar da fim ɗin bai yi ba sam: me ya hana Flor ta gaya wa Teodoro? Mutum ne mai son ta, mai jin magana. Da ta ce masa Laraba da Asabar ba su isa ba, ko ba yawan ranakun ba ne damuwarta, yadda ake zuwa ne, wa ya san abin da zai biyo baya? An fi sauƙin tayar da matacce daga kabari a kan a buɗe baki a yi wa rayayye wannan magana. Mu nan muna cewa gida biyu maganin gobara, maza ke faɗa, mata na haɗiyewa. Amado ya juya karin maganar ya miƙa wa mace, kuma juyin ya nuna cewa ko a hannun wa take, gobarar gidan farko ba a kashe ta ba, an dai sami wurin gudu.

Se Eu Fosse Você bai kai wannan zurfi ba, kuma bai yi niyya ba. Rabin dariyarsa ta saman ruwa ce: namiji a kan takalmi mai tsini, mace tana fama da aske gemu, wa zai shiga wane banɗaki. Ya dogara da tsohon zance cewa mata taushi ne maza kuwa ƙarfi, har nasarar da kowannensu ya samu a wurin aikin ɗayan daga nan ta fito, ita ta kawo idon mace cikin talla, shi ya kawo ƙarfin hali cikin waƙar yara. Duk da haka akwai abu ɗaya da ya yi daidai, wanda na farkon ya kauce masa: ya tsare mutum biyun a ɗaki ɗaya ya hana su mafita ta uku. Babu fatalwa, babu wani a waje. In akwai gyara, a tsakaninsu za a yi shi. Hausawa sun ce jiki magayi, kuma fim ɗin ya ɗauki wannan a zahirinsa. Shekara nawa Helena tana faɗa masa ta gaji bai ji ba, sai da ya kwana ya tashi a jikinta. Ita ma ba ta san tsoron da yake kwana da shi na rushewar kamfani ba sai da ta zauna a kujerarsa. Har shimfiɗa fim ɗin ya bi su, kowa a jikin ɗan'uwansa, ya sa miji ya san abin da matarsa ke ji da abin da ba ta ji. An yi shi cikin raha, amma tambayar da ke ƙasa ba ta wasa ba ce, kuma ita ce dai wadda Flor ta kasa yi wa mai kantin magani.

Bambancin kamanninsu ma daga asalinsu yake. Na 2006 ɗan gidan talabijin ne. Kamfanin Globo, mai manyan wasannin kwaikwayo na dare da duk ƙasar ke kallo, ya buɗe reshen fim a 1998, kuma Daniel Filho da taurarinsa biyu duk a can suka yi suna. Shi ya sa hotonsa yake fes, gidan babba, ga mai aiki, ga mota, matsalar kuɗi ba ta wuce ta kamfani ba. Masu sharhin ƙasar har suna suka laƙaba wa irin waɗannan fina-finai, globochanchada, suna danganta su da tsofaffin fina-finan barkwanci da kiɗa na shekarun 1940 da 1950. Dona Flor kuwa yana da ƙamshin titi, da zufa, da hayaƙin manja. Amma duka biyun suna da ramin da ya kamata ki lura da shi. Fiye da rabin mutanen Burazil baƙaƙe ne ko ruwa biyu, Salvador kuma tana cikin biranen da suka fi yawan baƙar fata a wajen Afirka, can ne ake soya ƙosai da manja a bakin titi ana kiran sa acarajé, can ne bayi Hausawa suka shirya tawaye a 1807, Musulmin bayi kuma suka yi babban borensu a 1835. Duk da haka masoyan da ke tsakiyar labarin farare ne ko masu hasken fata, baƙaƙe suna gefe, a kicin ko a wurin tsafi. A na Rio ɗin ma abin ya fi muni.

In kina son ki ga an yi wannan tambaya ba tare da fatalwa ko musayar jiki ba, akwai biyu da zan ambata a gurguje. Eu Tu Eles na 2000, wanda Regina Casé ta ja, yana can ƙauyen arewa maso gabas mai fari, inda mace mai aikin yankan rake ta ƙare da maza uku a gida ɗaya: tsoho mai gidan, ɗan'uwansa mai tausayi da ke yin girki, da saurayin da zuciyarta ke so. Rufin asiri, kulawa, sha'awa, an sake rarraba su a jikin mutum daban-daban, sai dai a nan talauci ne ya yi rabon. De Pernas pro Ar na 2010 kuma, na Ingrid Guimarães, ya juya hoton: matar ce aiki ya cinye har ta manta da miji, ta rasa aikin da mijin kusan lokaci ɗaya, ta koma sana'ar sayar da kayan ƙarin sha'awa tare da maƙwabciyarta. Abin da ya fi kusa da wannan a wurinmu shi ne sana'ar kayan mata, ko da yake kayan ba iri ɗaya ba ne. Shi ma bakinsa a sake yake, ki sani.

To wanne ya daraja aure? In daraja ita ce a bar igiya ba a tsinke ba, duka biyun sun bari. In kuwa daraja ita ce a yarda cewa mutum biyun nan za su iya isar wa juna in sun saurari juna, to na 2006 ne, duk da rashin nauyinsa. Ki kalle shi da maigida, ku yi dariyarku, akwai wuraren da ɗayanku zai yi shiru, kuma shirun ya fi dariyar amfani. Na 1976 ya fi shi sanin ciwon, ya fi shi kyau, ya fi shi gaskiya game da abin da mace ke ɓoyewa, amma ya yanke ƙauna daga samun duka a wuri ɗaya.

Hoton ƙarshe na Dona Flor ya shahara a ƙasar har wanda bai ga fim ɗin ba ya san shi. An fito daga coci ranar Lahadi, jama'a na gangarowa ta Pelourinho, tsohuwar unguwar da ta samo sunanta daga ginshiƙin da ake ɗaure bayi a yi musu bulala. Flor tana tsakiya cikin shigar mutunci, hannunta cikin na Teodoro, a ɗaya gefen kuma Vadinho yana tafe tsirara yana riƙe da ita, ba mai ganin sa. 'Yan kallo dariya suke yi a wurin, kuma na gane dalili. Ni dai duk lokacin da na tuna shi ba Flor nake gani ba, ba kuma fatalwar ba. Teodoro nake gani, cikin kwat ɗinsa, yana taku a hankali da matarsa a gefe, ransa fari, yana ganin ya ba ta duk abin da take bukata, don ba ta taɓa gaya masa akasin haka ba.